Ina Ka Kai Na Shidan?

Ɗana,

  Hajiya na gaishe ka.

Na so in yi maka maganar nan ran Juma'a da ka kira, sai na ga falo cike da ƙannenka, an buɗe muryar waya kowa na ji, kai kuma kana cikin raha. Gyara a gaban yara tozarci ne, shi ya sa na bari sai da gida ya yi tsit na ɗauko alƙalami. Kada gabanka ya faɗi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abu biyu na ji daga bakinka. Da mahaifinka ya tambaye ka aikin da aka ba ka, ka ce wai ka ƙetare teku neman ilmin kama wutar rana a cikin tukunya, an ɓige da mai da kai mai joyin waya, abin da yaran masu wayarin ke yi a bakin kasuwa ba digiri ba difloma. Aka kwashe da dariya, ni ma na murmusa, ko da yake na ji ɗacin da ke ƙarƙashin wasan. Na biyun ne ya hana ni barci. Ka ce kun haɗa samfuri shida, kun sanyaya, kun auna. Biyar sun ba da turjiya wajen nano-om biyu, na shida ya ba da tara. Ka ce na'ura ce ta yi shirme, ka cire shi daga jadawalin da za ka kai wa malaminka don layin ya fito sumul. Ka faɗe shi a wuce, kamar mai korar ƙuda, ka ci gaba da labarin tsadar haya.

Bari in fara da na farkon, ya fi sauƙi. Ƙwarai, joyin ne. Ni ma shekara talatin da 'yan kai na yi ina joyin, daga kan falwaya zuwa cikin rami, ban taɓa jin kunyar faɗi ba. Amma naka ya sha bamban da nawa ta wata fuska, kuma ina mamakin yadda mai karatunka bai ga girman wannan bambanci ba. Wayar da na yi aiki da ita, daga farkonta har ƙarshenta turjiya ce. Ko'ina tana ɗan cin wuta, tana ɗan ɗumi, mahaɗa ƙari ce kawai a kan abin da ke nan. Taka kuwa ba haka take ba. Tun 1911, da Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba da ruwan hiliyom a garin Laiden na ƙasar Holan ya ga turjiyarta ta ɓace ɗungum, aka san akwai ƙarafan da in sanyi ya kai musu wajen digiri 269 ƙasa da sifili, wuta kan bi ta cikinsu ba tare da ta bar ko ɗigon zafi ba. Ke nan a naɗin maganaɗisun da kuke yi, kilomita bayan kilomita na waya, turjiya sifili ce, ɗabi'ar da Allah ya yi wa ƙarfen ke nan. Wuri ɗaya tak ya rage da wuta ke cin karo da cikas, shi ne inda hannun ɗan Adam ya kama baki biyu ya haɗa. A nan aka ajiye ka. Ka ce an raina ka?

Ɗauki ITER da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, tunda kullum ita ce a bakinka. Manyan naɗe-naɗe goma sha takwas ne za su kewaye tukunyar, kowanne da siffar harafin D, tsayinsa mita 17, nauyinsa ya haura tan 300. Su za su riƙe filasma mai zafin digiri miliyan 150 a tsakiya kada ta taɓa bango. Kebul ɗin da aka naɗa su da shi bai fi kaurin wuyan hannu ba, amma a cikinsa akwai sili 900 na niyobiyom da kuza, da wasu 522 na jan ƙarfe zalla, kowane sili bai kai milimita ɗaya ba, an murɗe su kamar igiyar rama an zura cikin bututun ƙarfe, hiliyom na ratsa tsakaninsu. Naɗi ɗaya na cin kebul sama da kilomita huɗu da rabi, alhali yanki mafi tsawo da ake fitarwa mita 760 ne. Don haka kowane naɗi faya-fayai bakwai ne aka jera, an naɗe kowanne kamar yadda kakarka ke ɗinka faifai daga cibiya zuwa baki, sannan aka haɗa bakin wannan da na wancan. Mahaɗa shida ke nan a cikin kowane naɗi, 108 a sha takwas ɗin, ban ma ƙirga waɗanda ke haɗa naɗi da naɗi ba, da waɗanda ke shigo da wuta daga waje. Dukansu a jere suke, wuta ɗaya ce ke bi ta cikinsu, amfiya 68,000.

Na zauna da biro na yi lissafin, don tsufa bai ci wannan ba tukuna. Zafin da mahaɗa ke fitarwa shi ne yawan wutar sau kansa, sau turjiya. 68,000 sau 68,000 ya ba da biliyan 4.6. Nano-om kuwa om ɗaya ne aka raba gida biliyan. Ke nan kowane nano-om ɗaya wat 4.6 ne. Mahaɗa mai nano-om uku, wat 14, ƙwan fitilar zamani guda. A ɗakin nan da nake zaune, wat 14 ba komai ba ne. Amma a cikin wancan sanyi, kafin ka kwashe zafin wat ɗaya ka fitar da shi waje sai injin sanyaya ya sha wajen wat 250. Wat 14 ya zama 3,500, janareton da ke ɗaukar gidan nan da firji da famfo. A ƙaddara duka 108 ɗin haka suke, an doshi kilowat 380 ana ƙonawa a kan joyin kawai. Naka na shida, da a can aka ɗaura shi, ya haura wat 40 a cikin sanyi, sama da kilowat 10 a waje, shi kaɗai.

Kuma kuɗin wuta shi ne ƙaramar asara. Tsakanin wayar nan da komawarta ƙarfe irin na kowa, 'yan digiri ne ƙalilan. In mahaɗa ta ɗumama silin da ke kusa da ita har ya ƙetare iyakarsa, sai turjiya ta dawo masa, ya yi zafi, ya ɗumama maƙwabcinsa, abin ya bi kebul kamar wutar daji a kaka. Shi ne kuke kira kwenc. Ƙarfin da ke ajiye a cikin naɗe-naɗen nan sha takwas gigajul 41 ne. In ka juya shi zuwa yunit ɗin mitar gida ya haura 11,000, kuma dole a fitar da shi cikin 'yan daƙiƙoƙi kafin ya sami inda zai fita da kansa.

Na san an ba ku labarin abin da ya faru a CERN, amma ina jin an ba ku shi ne yadda ake ba da tarihi, ku rubuta a jarrabawa ku wuce. Bari in maimaita maka shi yadda mai joyin ke jin sa. Injin nasu na LHC, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, ba na haɗe ƙwayoyin zarra don samar da lantarki ba ne, na karo da su ne don bincike, amma wayarsa dangin taku ce, niyobiyom da taitaniyom, cikin sanyin da ya fi naku ma. Rami ne mai kewayen kilomita 27. Ran 10 ga Satumba 2008 suka kunna shi, duniya ta yi ta tafi. Kwana tara bayan haka, ranar Juma'a, mu nan muna cikin azumi, suna gwada wani sashe da ya rage, suna ƙara wuta a hankali. Da ta kai amfiya 8,700, sai mahaɗa ɗaya tsakanin maganaɗisu biyu ta yi zafi, ta narke, ta rabu. Wuta irin wannan ba ta tsayawa don waya ta katse. Tsalle ta yi ta zama tartsatsin walda, ta huda bututun hiliyom. Ruwan ya zama iska nan take, ya kumbura fiye da abin da bawul ɗin tsaro za su iya fitarwa, ya tunkuɗe maganaɗisu masu tan 35 daga mazauninsu, har ya tumɓuke ƙafafun wasu daga cikin kankare. Hiliyom wajen tan shida ya tafi. Maganaɗisu 53 aka fito da su daga ramin. Injin bai sake aiki ba sai Nuwamba 2009, wata goma sha huɗu.

Mahaɗar da ta jawo wannan, turjiyarta nawa? Wajen nano-om 220, inda lafiyayyu ba sa kai nano-om ɗaya. A wutar da ke bi ta cikinta ranar, wat 16 ne da ɗoriya. Ɗan hakin da ka raina.

Ga wurin da nake so ka tsaya ka yi tunani. Mahaɗar ba a ɓoye ta yi ɓarnarta ba, ta yi magana tun da wuri. Bayan abin ya faru suka koma cikin bayanan da kwamfuta ta adana, sai suka tarar kwanaki kaɗan kafin nan, da aka tsayar da wuta a amfiya 7,000 na ɗan lokaci, ma'aunin zafi na wannan yanki ya ɗaga kaɗan, ɗagawar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Daga wannan ɗan ɗumin ne ma suka lissafo nano-om 220 ɗin, don ita mahaɗar ta ƙone ƙurmus, ba abin da ya rage da za a duba. Lambar tana nan a rubuce, ba wanda ya san ya kamata a kalle ta. Na'urar tsaron da ke gadin wannan layi kuwa an saita ta sai ta ga bolt ɗaya cur kafin ta yi ƙara, alhali mahaɗar ba ta kai milibolt biyu take nunawa ba. Da suka koyi duba irin wannan ɗumi, suka bi sauran sassan, suka sami wasu mahaɗan masu ciwo, aka buɗe aka tarar dalmar da ya kamata ta cika tsakani ba ta nan. Suka sauya na'urar tsaron da wadda ke jin kashi uku cikin goma na milibolt.

Bai ƙare a nan ba. Binciken ya tono wani ciwon na biyu: a mahaɗa da yawa, jan ƙarfen da aka lulluɓe wayar da shi, wanda shi ne hanyar tsira in kwenc ya auku, bai haɗu sosai ba. Wayar na lafiya ba za ka gane ba, sai ranar da aka buƙace shi. Saboda wannan suka yi 2010 da 2011 suna tafiyar da injin a rabin ƙarfinsa, sannan daga 2013 suka rufe shi kusan shekara biyu, suka bi mahaɗa sama da 10,000 ɗaya bayan ɗaya suna aunawa, suna ƙara musu gadar jan ƙarfe. Injin da ya ci biliyoyi, da manyan farfesoshin duniya a kansa, ya zauna yana jiran masu dalma. Su CERN ba su goge lambarsu ba, ba su dai gan ta ba ne. Kai ka ga taka, ta tsaya a gabanka ta ninka 'yan'uwanta fiye da sau huɗu, ka ɗauke kai.

Ba ina faɗin haka don na fi ka ba ne. Ka tuna baƙin dunƙulen ƙarfen nan da ke cikin durowata, wanda kake ɗauka kana mota da shi kana yaro? Ban taɓa gaya maka asalinsa ba. Ina sabon injiniya, kai ba a ma yi auren mahaifinka ba, aka tura mu ɗaura taransifoma a wata unguwa. Kebul ɗin na alminiyom ne, bakin taransifomar na jan ƙarfe, su biyun kuwa ba sa zaman lafiya in danshi ya shiga tsakaninsu. Alminiyom ɗin ne ke cinyewa. Akwai kan haɗi na musamman mai ƙarfe biyu da ake sa musu. Guda uku muka samu a sito, na huɗun babu. Tsohon fomanmu ya ce a jira. Ni kuwa ina so a ce yaron nan akwai zafin nama, sai na sa na alminiyom zalla a layin nutural, na ce ai ba shi ke ɗaukar kaya ba. Da nake ɗaure notin ma na ji bai kama kamar sauran ba. Hannuna ya gaya mini, na ƙi ji. Na rubuta a littafi duka huɗu lafiya, na sa hannu.

Damina ɗaya ya yi. Irin wannan haɗi a hankali yake cin kansa: tsatsa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi, zafi ya sassauta noti, sassauci ya ba danshi hanya. In amfiya 200 ta ratsa kashi ɗaya cikin ɗari na om, wat 400 ne a cikin abin da bai fi babban yatsa ba. Wata rana da magariba nutural ya katse. Ka san abin da ke biyo baya: gidajen da ke kan layin da ba shi da kaya sosai wuta ta yi musu tsalle ta doshi bolt 400. Rediyo, talabijin, firji, fanka, sai ƙauri. Akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara da firjinta shi ne jarinta. Allah ya tsare ba a yi gobara ba. Foman aka ba takardar tuhuma, don shi ne babba a wurin. Bai tona ni ba, bai kuma yi mini faɗa ba. Washegari ya zo ya ajiye ƙonannen kan haɗin a kan teburina, ya ce, "Injiniya, ga ajiyarka," ya fita. Da mari ya yi mini, da tuni na manta.

To, mu koma kan na shidanka. Ban ce na'urar ba za ta yi kuskure ba. Aunin da kuke yi, aunin gashin gira ne. Amfiya 10,000 ta ratsa nano-om biyu, maikurobolt 20 kawai za ka gani, kuma wayoyin aunin da suka taso daga cikin sanyi zuwa ɗumin ɗaki kan haifar da nasu 'yan maikurobolt ɗin saboda bambancin zafi kawai. In ka liƙa wayar auni kusa da mahaɗa ƙwarai, inda wuta ba ta gama rabuwa daidai a tsakanin silin ba, lambar da za ta ba ka ta wurin ce, ba ta mahaɗar duka ba. In ka yi gaggawar karantawa kafin wutar ta natsu bayan an ƙara ta, nan ma ƙarya za ka kwasa. Duk wannan mai yiwuwa ne. Sai dai "mai yiwuwa ne" ba hujja ba ce, kuma waɗannan wayoyi da wannan na'ura su suka auna biyar ɗin da suka yi maka daɗi. Me ya sa ka gaskata ta sau biyar ka ƙaryata ta sau ɗaya?

In shirme ne, kama shi ba wuya. Ka auna a matakan wuta huɗu ko biyar ka ga ko lambobin sun hau layi ɗaya, don gangaren layin shi ne turjiya, ba lamba guda ba. Ka juya wutar ta bi ta baya. Ƙaryar bambancin zafi ba ta juyawa tare da ita, nan za ta fito fili. Ka musanya wayoyin auni da na samfurin da ka yarda da shi. Sannan ka bar bolt gaba ɗaya ka tambayi hiliyom: zafinsa wajen shiga da wajen fita, shi ba ruwansa da wayoyinka, kuma shi ne shaidar da ta fallasa ta CERN. In duka sun ce tara, to tara ne, sai a ɗumama shi a sake sanyayawa a ga ko ya ƙaru, daga nan a yanka shi a sa a madubin ƙara girma.

Ni da za a ba ni zaɓi, na shidan zan ɗauka in bar maka biyar ɗin. Biyar ɗin abin da kuka riga kuka sani suka maimaita muku. Na shida ne kaɗai ke da labari. Wataƙila rufin kuromiyom da ake yi wa silin niyobiyom da kuza bai gama fita ba a wani gefe, wuta ta rasa ƙofar shiga wasu silin. Wataƙila an goge fuskar jan ƙarfen aka tafi cin abinci, iska ta yi mata fatar tsatsa kafin a rufe. Wataƙila indiyom ɗin da kuke shimfiɗawa a tsakani, ƙarfen nan mai laushi da farce ke karta, bai matsu daidai ba saboda an ɗaure noti ɗaya kafin ɗan'uwansa. Wataƙila yatsa ne kawai, wani ya taɓa ba safar hannu. Ko dalmar ce ta bar rami a ciki. Af, ka san kalmar sinadari da 'yan boko suka ɗauka suka ba kimiyya, asalinta abin da maƙeran fari ke liƙa azurfa da shi ne? Sana'ar taka ta girmi jami'arku. Ko ma mene ne, in hannunku ya yi shi sau ɗaya cikin shida a ɗakin gwaji mai tsabta, kuna zaune kuna shan shayi, sau nawa zai yi shi in ma'aikaci na kwance a rigingine cikin ƙugun inji, a mahaɗa ta tamanin, ƙarfe uku na dare? Wannan tambayar ce aka ɗauke ka ka amsa. Wanda zai gina injin ba matsakaicin lamba ke damunsa ba, tunda a jere suke. Mafi muni a cikinsu ita ke yanke wa sauran hukunci.

Kuma turjiyar da ta taru a gefe ɗaya ta fi wadda ta bazu haɗari. In silin 900 ba su sami rabo daidai a mahaɗa ba, waɗanda ƙofarsu ke buɗe za su kwashi kayan waɗanda tasu ke toshe, su je can cikin naɗi inda maganaɗisu ya fi ƙarfi su gaza, alhali kebul ɗin a dunƙule bai kai iyakarsa ba. Mai duba zai ɗora wa kebul laifi, ciwon kuwa yana baya, wajen joyin.

Kada kuma ka ɗauka duka ilmin shi ne a danne lamba ta yi ƙasa. Da haka ne, da sai a zuba jan ƙarfe mai kauri a huta. Amma a tokamak, wato inji irin ITER, naɗin tsakiya da na kewaye, ban da sha takwas ɗin nan, wutarsu hawa take tana sauka, kuma duk sanda maganaɗisu ya sauya ƙarfi, dunƙulen jan ƙarfe mai tsabta kan haifar da wata wuta mai kewaya a cikinsa, ta zama zafi. Ka rage ciwo ɗaya ka ƙara ɗaya. Ga shi niyobiyom da kuza sai an gasa shi kwanaki a wajen digiri 650 kafin ya zama abin da ake so, in ya gasu kuma ya zama kamar tangaran, ba ya son lanƙwasa ko matsa mai yawa, kai kuwa matsa kake nema. Ga rufin da ke hana wuta tsallakewa. A Naka ta ƙasar Jafan, cikin Maris 2021, ana gwajin injin JT-60SA, wuta ta yi tsalle a mahaɗan bakin wani naɗi saboda rufin wurin bai isa ba, ta huda, hiliyom ya zube. Ba su ga filasmarsu ta farko ba sai Oktoba 2023. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon injinan nan kuwa kusan kullum a wajen haɗi yake tsagewa.

Abokan naka da kake ganin sun fi ka, masu lissafin filasma a kwamfuta, Allah ya ba su sa'a. Amma ka duba inda fagen ya dosa. A Satumba 2021 jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka kai tesla 20 da naɗin da aka yi da sabuwar wayar nan mai kamar zaren kaset, wadda ke aiki a digiri 253 ƙasa da sifili. Faya-fayai goma sha shida ne, da mahaɗa a tsakaninsu. A wannan sanyin kwashe zafi ya fi arha nesa ba kusa ba, shi ya sa aka fara tunanin abin da da ba a isa a yi tunani ba: naɗin da za a iya kwancewa. Yanzu tukunyar tokamak da naɗe-naɗenta sarƙe suke kamar zobban sarƙa, in cikin ya lalace sai dai a yi ta yanka ana fitarwa gunduwa-gunduwa. In kuwa naɗi zai buɗe kamar murfin kwano, a ɗaga tukunyar a sa wata a mayar da murfi, lissafin kuɗin tashar gaba ɗaya ya sauya. Zanen ARC na MIT a kan haka aka gina shi, haka ma STEP da Ingila ke shirin ginawa. Duk wannan buri a kan me ya rataya? A kan mahaɗar da za a kwance a ɗaure, a kwance a ɗaure, da hannun mutum-mutumi, ta ci gaba da ba da nano-om ɗinta ba ta sauya ba. Wayar ma fuska biyu gare ta, ɗaya na karɓar wuta, ɗaya bango ce, kuma in dalma ta yi zafi da yawa ta lalata ta. Duk wanda ya san dalilin da mahaɗa ɗaya cikin shida ke bauɗewa, nemansa za a yi da fitila.

Saura maganar malaminka. Na san abin da ke ranka: kai baƙo ne, kana so a ga aikinka tsaf, kada a ce hannun ɗan Afirka ne bai iya ba. Na fahimta, irin wannan son a yaba ne ya sa ni ɗaura alminiyom a kan jan ƙarfe. Amma cire lamba daga jadawali ƙanin tauye mudu ne, a gidan nan kuwa ba a koya maka shi ba. In ba ka riga ka miƙa ba, ka mayar da na shida mazauninsa, ka rubuta a ƙarƙashi cewa ana bincikensa. In ka riga ka miƙa, ka same shi da safe kafin ɗalibai su taru, ba sai ka yi doguwar shimfiɗa ba. Ka ce samfurin shida ne, ka cire ɗaya don ka zaci kuskuren auni ne, ka ga bai kamata ba, ga lambar, ga gwajin da kake so ka yi. Zai iya ɗaure fuska na yini ɗaya. Ka jure. Ka kuma nemi littafin aikin ranar da aka haɗa shi, ka ga wa ya goge, ƙarfe nawa aka rufe, da wane sifana aka ɗaure, tun mutane ba su manta ba.

Ina fata dai ba ku jefa samfurin a kwandon tarkace ba. In yana can, ka je ka tono shi yau, ka naɗe shi a leda, kada wani ya kwance notinsa kafin a auna ƙarfin ɗaurinsu. In an yanka, ka turo mini hoton cikin ta wayar ƙanwarka, tawa ba ta buɗe hoto. Hajiya ta ce akwai mai tahowa wajenku bayan Sallah, ka faɗi ko yaji kake so ko kuka, kilishi dai an ce ba sa bari ya wuce filin jirgi.

Baffanka.